Ƙosan Iya Indo

"Wannan ba shi ba ne," in ji Sharfuddeen, ya ajiye ƙosan da ya gutsura.

Matarsa Raliya ta harare shi. Tun da suka yi aure a Kaduna yake cika mata kunne da ƙosan Iya Indo ta Sabo, wadda ya fara yi wa aiki yana yaro. Duk wanda ta soya sai ya ce bai kama ƙafar wancan ba. Shi ya sa suna sauka a Ojoo ta ce wa mai keke ya wuce da su rumfar kafin gidan kowa.

Tsohuwar ta ɗago daga bakin kasko, ta ƙura masa ido. "Sharfu? Kai ne ka ajiye wannan tumbin?"

"Ni ne, Iya. Amma me ya sami ƙosanki? Da can laushinsa kamar auduga."

"Ai tafiyarka ce ta same shi, ɗan nan. Kai ne mai durƙusawa ka markaɗa waken a kan dutse, ka buga ƙullun har ya tashi. Da ka tafi na rasa mai wannan haƙurin, na koma kai wa inji."

Sharfuddeen ya gyara zaman hularsa yana murmushi.

Raliya ta matso. "Iya, dutsen yana nan?"

"Ga shi can bayan rumfa, kaji ke hawa."

"A sa mana shi a keke, don Allah." Ta juyo wajen mijinta. "Maigida, daga yau nawa jiƙa wake ne kawai."