Famfon da Aka Kai Bakin Tanki

An yi wani bakanike a wani gari da ke gindin duwatsu, hannunsa na da kyau, shi ma kuma ya san da haka. Yana da wata mota mai turbo, wato abin nan da ke hura wa inji iska kamar zugazugin maƙeri. To, wutar da ake zugawa ai sai da gawayi. Famfon man da ke cikin tankin motar ya tsufa, ba ya iya ciyar da ita, duk sanda ta zo hawan dutsen da ke kan hanyar ƙauyensu sai ta kama tari kamar tsohuwar akuya. Ana nan matarsa ta haihu, mace, ya ce sunan mahaifiyarsa zai sa wa yarinyar. Tsohuwa kuwa tana can bayan dutsen nan, ƙafa ta ƙi, ba ta hawa babur. Ya aika mata cewa ranar jajibirin suna shi da kansa zai zo ya ɗauko ta, ta ga takwararta.

Sai ya cire tsohon famfo, ya sayo sabo irin wanda ake ɗaurawa a waje, a jikin tiyon mai. Ja ne wur, yana ƙyalli. Murna ta hana shi cin tuwo. Ya juya shi nan, ya juya shi can, zuciyarsa ta ce abu mai kyau haka ba a ɓoye shi a ƙarƙashin mota cikin laka. Ya ɗaure shi a gaba, can sama kusa da inji, inda da an ɗaga bonet ido zai fara sauka. Kibiyar jikinsa ta kalli inji, waya ta zauna, kilif ɗin da ke matse tiyo ya kama, babu inda ke yoyo. Ya murza makulli, mota ta ɗauka, maƙwabta suka taru ana ta sa albarka. Ranar tafiya ya sa farin yadinsa ya kama hanya, yana ta yi wa mutane hon ko bai san su ba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya sai ka ce tsuntsuwa. Da ya iso hawa ya taka totur, turbo ta yi fito, shi ma ya yi dariya shi kaɗai. Bai kai rabi ba mota ta shaƙe, ta yi tsalle biyu, ta mutu. Ya gangaro da baya, ya sake, ta sake. Sau uku. Ya ɗaga bonet, ga famfo yana kuka kamar sauro a kunne, ya taɓa shi ya janye hannu don zafi. Rana ta karkata, kuma ya san tun hantsi tsohuwa ta ɗaure ƙullinta tana zaune a ƙofar gida.

A gefen hanyar akwai fadama, wani ɗan tsamurmurin tsoho yana ban ruwan albasa, wandonsa a naɗe har gwiwa. Ya zo ya yi sannu, ya leƙa, ya tambaya wannan jan abin mene ne aikinsa. Bakanike ya amsa da ƙyar, don me mai lambu ya sani a mota? Tsoho ya sake tambaya, to ina rijiyar da yake ja? Aka nuna masa bayan mota. Ya dubi gaba, ya dubi baya, ya girgiza kai ya ce: "Ɗana, ni ko keke ban iya ba. Amma injina na ban ruwa, in na ajiye shi kan tudu haka yake kuka. In na kai shi bakin rafi, har ƙarshen gona yake tura min ruwa. Turawa ya iya, ja ne bai iya ba."

Bakanike ya haɗe rai. Shekara nawa yana kwance inji yana ɗaurawa, yau mai albasa ne zai koya masa? Ya dubi farin yadinsa, ya dubi dutsen, ya tuna wadda ke jira. Sai ya buɗe but ya kwaso sifana da ragowar tiyo da waya, ya sa jak, ya kwanta rigingine a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya mai da famfon can ƙasa, dab da tanki, inda mai zai gangaro masa da kansa, ya sa matacin mai tsakaninsa da tankin don kada ya sha datti. Tsoho na tsugune yana miƙa masa ƙarfe, yana kiran kowanne "wancan mai bakin". Da ya murza makulli, kukan nan babu shi, sai wani ɗan gurnani a hankali. Ya taka. Turbo ta yi fito, mota ta manna shi da kujera, ta haye dutsen nan gaba ɗaya ba ta ko yi tari ba. Ta madubi ya hango tsoho yana ɗaga masa hula, shi kuwa sai kabbara yake yana dukan sitiyari.

Ya tarar da mahaifiyarsa inda ya zata, da ƙullinta a cinya. Ta dubi bayan rigarsa, laka tun daga wuya har ƙasa, ta tambaye shi ko kokawa ya yi a hanya. Ya ce e, Inna, kuma an kayar da ni. Washegari da safe tana rungume da takwararta aka raɗa suna. Har yau in abokai sun ce ya ɗaga bonet su ga jan famfon, sai ya ce wanda ke son gani ya kwanta ƙasa. Gaskiyar Hausawa da suka ce, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.