Huɗuba Ta Bayan Gilashi

Tun da aka kafa dokar, duk wanda ya haura shekara saba'in ana kai shi Gidan Sanyi da saukar ruwan farko, ba ya fitowa sai sauro ya ɗauke ƙafa. A da wata huɗu ake yi. Bana an shiga na tara.

Mudi ya zo da jaririyarsa naɗe cikin tawul, ya durƙusa gaban gilashin ɗakin mahaifinsa, Malam Tanimu.

"Baba, ga ta nan. Kai za ka yi mata huɗuba, kamar yadda ka yi wa yayyenta."

"Huɗuba a kunne ake raɗa ta, Mudi. Ta ina zan kai ga kunnen?"

Ma'aikaciyar gidan ta ce a kara kunnen yarinyar jikin lasifikar bango. Tsoho ya yi kiran salla, muryarsa ta cika baranda. Sunan da ake ɓoyewa sai ranar bakwai, duk 'yan layin ziyara suka ji shi: Sa'adatu. Sunan matar tsohon ne, wadda zazzaɓin sauro ya ɗauke watan jiya a waje, saura shekara biyu ta isa shiga. A waya ya kalli jana'izarta.

Bai gama addu'a ba sauro ya sauka a kuncin jaririyar. Tsoho ya kai mari da iya ƙarfinsa, tafinsa ya bugi gilashi.

"Kwantar da hankalinka, Baba," in ji ma'aikaciyar. "Ba zai iya shigowa wurinka ba."