Matar Jikin Takardar Sabulu

A unguwar Jarwal, can ƙasa mai tsarki, aikin babana shi ne shafe fuska. Wani mai kanti ke kawo masa katan-katan na sabulun waje, shi kuma ya bi hoton matar da ke jikin takardar da baƙar tawada, don masu saye ba sa son shiga gida da hoton mace.

Wata la'asar, ƙamshin sabulun ya cika ɗakin, na ce, "Baba, wace ce wannan?"

Ya ce, "'Yar fim ce a Amurka. Wani direban Jidda ya ce tun tana yarinya take wasa a gaban jama'a, yanzu ta tsufa, an daina kiranta. Amma duniya ta san fuskarta." Ya tsoma tsinke a tawada. "Mu kuwa gara kada a san tamu."

Ya bari na kalle ta, sannan ya shafe.

Ba shi da takardar iƙama, wato izinin zama a ƙasar, shi ya sa bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ina ƙarama aka kama shi aka mayar da shi Kano, ban sake ganinsa ba. Har yau zan iya zana girar matar nan. Fuskar babana kuwa, na nema har na daina.