Ɗinkin Baba Bawa

"Na yi nadamar gama wannan mai koren bango," in ji Malam Safwan, ya jefa littafin kan teburin Baba Bawa, mai hayar littattafai a bakin kasuwar Ƙaura. "Ƙarshensa shirme ne zalla."

Rashida, wadda ta zo daga Zurmi canjin littafi, ta ce ita kam tana son marubuciyar.

"Dama don irinku take rubutu. Ni sai mai zurfi." Ya zaro wani mai jan bango. "Kin ga wannan? A shafukan ƙarshe sunayen mutanen duk sun canza, garin ma ya canza. Ba kowane kai ke ɗaukar wannan hikima ba. Sati biyu na yi ina yi wa ɗalibaina bayaninta."

Baba Bawa ya ajiye allura da zare, ya karɓi littattafan biyu. Ya duba launin takardun baya, ya sake dubawa.

"Assha. Malam, ranar da ruwa ya shigo shago ɗinkin biyun nan ya kwance. Ni na mayar da su, kuma ka san ajami na iya, ban yi boko ba. Ƙarshen jan yana cikin koren, na koren yana cikin jan."

Rashida ta gyara mayafi.

"Malam, ashe marubuciyar irinmu ka koyar sati biyu. Ɗaliban dai sun ci jarrabawar?"