Akwati Mai Rami Bakwai

Ranar Litinin Manaja ya ba mai gyaran kwamfutocin ofis takardar gargaɗi. Laifinsa shi ne ɗan akwati mai ramukan USB bakwai da ya ƙara wa kwamfutar Manaja ya daina aiki, firinta da kibod suka yi tsit.

"Tarkacen bola ka sa min," in ji Manaja. "Har doguwar wayar da ka bari tana jan ƙasa, ni na naɗe ta na soke inda ya dace."

Mai gyara ya duƙa. Wayar da ke haɗa akwatin da kwamfuta tana soke a ramin akwatin na bakwai, maimakon jikin kwamfutar.

"Ta naɗu kuwa, ranka ya daɗe."

Takardar gargaɗin na nan cikin fayil ɗin mai gyara. Har yau ba a sami mai gaya wa Manaja ba.