Kafin Rana Ta Faɗi

"Baba, ɗauki mai dizal ɗin nan," in ji dillalin motoci. "Wurin aikinka da nisa, ita kuwa ba ta da ci. Jar motar can ta samari ce, fetur take sha kamar ruwa."

Dattijon ya shafa jar. "Wacce ta fi gudu?"

"Ita."

"To, ita nake so."

Ƙannensa suka ce tsufa ya zo masa da ƙuruciya. A ofis aka laƙaba masa Ango. Ana tashi yake fizgar mota, idonsa na kan rana.

Ba su san ciwon mantuwa ya kama matarsa ba. Da rana takan gane shi, amma duhu na shigowa yake zame mata baƙo.

Watanni yana riskar ta da sauran haske.

Ran nan ya iso tun rana ba ta yi ja ba. Ta dube shi, ta gyara mayafi.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Maigidan bai dawo ba tukuna."

Ya ajiye makullin, ya zauna kusa da ƙofa.

"Ba komai, zan jira shi."