Kwaɗon Durowar Inna

A shekarar da fari ya ƙone mana gero a ƙauyenmu na gefen Minjibir, mahaifiyata Inna tana da wata durowa a kabad ɗinta, da ɗan kwaɗo rataye a jiki. Mukullin kullum yana ɗaure a haɓar zaninta. Duk sanda yunwa ta sa ƙanwata Ladi kuka, sai Inna ta girgiza kwaɗon ta ce, "Ƙuli-ƙuli ne fal a ciki. Sai ranar da ta ɓaci za mu buɗe." Sai Ladi ta yi shiru, ni ma in haɗiye yawu.

Wata rana da la'asar dillaliya ta zo sayen kabad ɗin. Ta ce, "Innar Ladi, kwashe kayanki, masu ɗauka suna ƙofar gida."

Inna ta daɗe tana kwance ƙullin mukullin. Ni da Ladi muka matso. Kwaɗon ya yi ƙas, ta jawo durowar. Babu komai a ciki sai ƙamshin ƙulin da ya kama katako.

Ladi ta sa hannu ta laluba har ƙurya, ta ce, "Inna, ɓera ne ya cinye?"

Inna ta ce, "Ɓera ne, 'yar nan." Ta juya mana baya.

Har yau in na ji ƙarar kwaɗo, sai yunwa ta taso mini ko da na ƙoshi. Ladi kuwa ba ta kai lokacin kaka ba. Ta koma ga Allah tana jin haushin ɓeran.